Ruwan Tulun Baffa Sale

Asabar, bayan Asuba, Tiga

Mun ɗaure kaya. Baba ya riga ni fita ƙofar gida, ya dogara sanda yana kallon hanya. Da ƙafa za mu, daga nan har ƙasar Doguwa, wajen yayansa Baffa Sale, wanda ni da girmana ban taɓa sa shi a ido ba. Tun da ruwan dam ya ci garinsu aka tashe su, Baffa ya ɗora kayansa a ka ya yi kudu, ba su sake magana ba. Baba ya ce yadda Yaya ya tafi haka zai je masa, zumunta a ƙafa take. Na ce Baba, masu karin maganar nan ba su san an yi maka aiki a ciki ba. Ya ce to ki zauna. Ina zan iya zama? Makarantarmu na hutu, maigidana Mudassir ya yarje mini, yara na wajen kakarsu.

Likita ya faɗa mini abubuwa da yawa ranar da aka sallame mu daga asibiti. Wasu ba zan rubuta ba. Na ruwa zan rubuta: maganin da ake ba Baba ya raunana masa jiki, ruwan da ni zan sha in kwana lafiya shi zai iya kayar da shi, kuma ba lallai ya tashi ba.

Yaya Fahad ya yi faɗa a waya daga Abuja har ya gaji. Da ya ga tsohon ba zai tanƙwaru ba, sai ya aiko da wata 'yar fitila mai kan gilashi, tsawonta bai wuce tafin hannu da ɗan ƙari ba. A tsoma ta a gorar ruwa, a danna, ta kawo haske shuɗi, a yi ta juyawa har ta mutu da kanta. Hasken ne ke kashe ƙwayoyin cuta. Wai masu doguwar tafiya a daji da jaka a baya da ita suke yawo. Sharaɗinta biyu: ruwan ya zama garau, ita kuma da caji. Baba ya juya ta a hannu ya ce, "Wannan ai muciyar Turawa ce." Sunan ya bi ta.

Lahadi, da hantsi

Mun sami rijiyar burtsatse a bakin wani ƙauye, ruwa fari tas. Na cika gora, na tuƙa muciya, na miƙa wa Baba. Ya kurɓa, ya tsaya yana ɗanɗanawa.

"Badiyya, ruwan nan yadda yake ɗazu haka yake yanzu. Wa ya gaya miki ta yi wani abu?"

"Yaya Fahad."

"Shi wa ya gaya masa?"

"Takardar cikin kwalin."

Ya yi dariya har ya dafe gefen cikinsa. Ni dafewar na gani, ban yi dariya ba.

Amma gaskiya abar ta yi. Ba neman ice, ba jiran ruwa ya huce, ba ɗaukar ledojin ruwa a ka a hanyar da ko babur ba ya bi da daɗi. Muna tafiya daga Asuba zuwa hantsi, mu nemi inuwa, mu ƙara kaɗan bayan La'asar. Sannu ba ta hana zuwa.

Talata, bayan Magariba

Na yi abin kunya yau.

Mun shigo ƙasar Kiru, muka yi sallama a gidan wani manomi, Malam Idi. Mutumin kirki. Ya shimfiɗa wa Baba tabarma a soro, ya shiga da kansa ya ɗebo ruwan randa mai sanyi, an rufe kwanon da faifai. Kafin Baba ya miƙa hannu na riga na karɓe, na juye a gora, na zaro muciya ina tuƙawa a gaban mai gida. Ni ban ga komai a ciki ba, aikina nake yi.

Ya ce, "Hajiya, mene ne wannan?"

Na shiga yi masa bayani irin na aji, ƙwayoyin cuta kaza, haske kaza. Ya saurara har na gama.

"To. Mu dai shi muke sha, mu da 'ya'yanmu. Ba mu san cuta muke ba baƙi ba."

Ya ɗauki kwanonsa ya shiga. An kawo tuwo, an kawo tabarma ta biyu, amma fuskar ba ta dawo ba.

Da muka rage mu biyu Baba ya ce, "Mutum ya ba ki ruwan gidansa, kin caje shi a kan idonsa kamar kin kama ɓarawo." Na ce bari in je in gaya masa dalili, zai gane. Sai ya riƙe mini hannu. Ya ce ciwonsa ba na tallatawa ba ne, kada in gaya wa kowa a hanyar nan, balle can inda za mu. "Magana na riga mutum zuwa. Ba na son Yaya ya yafe mini don an ce masa ina kan hanya. In zai yafe, ya yafe wa mai lafiya." Ya sa na yi masa alkawari. Na yi.

Laraba, Azahar

Yau kalma biyu ya yi mini, "mu tafi" da "mu tsaya".

Juma'a, bayan La'asar, Ɗansoshiya

Na gano dabara. Ni nake fara shiga cikin gida in gaisa da mata, in ce su bar ni in kai wa tsohona ruwa da kaina, ya saba da hannuna. Sai in laɓe bayan rumbu in tuƙa, in mayar a kwanonsu, in fita da shi. Mai gida ya ga baƙo ya sha ruwansa, kowa ransa fari.

Yau dai asirina ya tonu. Matar gidan, Hindu, ta leƙo ta same ni tsugune da haske shuɗi a gora. Ta dafe ƙirji ta ce, "Na shiga uku, baiwar Allah, tsafi kike mana?" Da na ce maganin ruwa ne sai ta kwashe da dariya, ta ƙwala wa maƙwabta kira ta kan katanga. Wannan ta ce a sa mata a randa, waccan ta ce a gwada a kunun ɗanta, wata tsohuwa ta ce ko zai yi wa ciwon gwiwa. Na ce randa ta fi ƙarfinta, gora ɗaya take iyawa. Sai suka yi ta kawo kofuna. Ina zan ce a'a ga waɗanda suka ba mu wurin kwana? Na daɗe ban yi dariya haka ba. Kafin Magariba muciya ta fara ƙyafta jan ido.

Lahadi, la'asar sakaliya

An kwana ana ruwa, gari ya waye da hadari, ba rana ba yayyafi. Ɗan faifan sola da Yaya Fahad ya haɗo mana na ɗaura shi a bayan jaka tun safe, bai tsinana komai ba. Muciya ta mutu. Ko da ranta ma ba abin da za ta yi, don rafin da muka tarar ja ne kamar kunun kanwa. Na tace da ɗankwalina, na sake tacewa, ko yatsana ba na gani a ciki. Takardar ta ce haske ba ya ratsa laka, ƙwayar cuta sai ta ɓuya a bayan ƙasa.

Gorarmu ta ƙare tun hantsi. Muka fake a bukkar wata gona, na tattaro jiƙaƙƙen kara ina fama da ashana. Baba na zaune, leɓɓansa sun bushe, yana kallon rafin.

"Ki ba ni ko kurɓi ɗaya."

"Saura kaɗan, Baba."

"Ga ruwa har wuya, 'yata ta hana ni. Ke Badiyya, ciwon bai wahalar da ni kamar ke ba."

Ya san maganar ta soke ni. Ni ma na san ƙishi ne ke magana. Da ruwan ya tafasa sai da muka jira ya huce, yana warin hayaƙi, ya shanye. Da ya ga idona na ce hayaƙi ne.

Litinin, da safe

Ƙafafunsa sun kumbura. Ya ce takalmi ne.

Laraba, bayan Azahar, Dangora

Muna gidan Gwaggo Saude, ƙanwarsu. Na kai muciya shagon caji a bakin titi, mai shagon ya tambaye ni ko abin aski ne. Gwaggo kuwa kallo ɗaya ta yi wa Baba ta juya tana gyara murhun da ba abin da ya same shi. Ban gaya mata ba. Ba ta tambaya ba.

Muna tsince wake ta ce, "Ke 'yar nan, kin san wajen wa za ku kuwa? Ranar da Sale zai tafi, ubanki ya bi shi da ruwa a ƙwarya har bakin gari, yana Yaya ko ruwa ka sha. Sale ya sa hannu ya kaɓar da ƙwaryar. Ya ce ni da kai ko ruwa ba zai sake haɗa mu ba."

Na ce me ya yi zafi haka? Ta fara maganar motar da aka kawo ta kwashe mutane, da Innarsu da ke kwance a lokacin, sai Baba ya yi gyaran murya daga ƙofar ɗaki. Ta katse zancen. Da ya fita masallaci ta ƙarasa mini. Na ji, ba kuma zan rubuta ba. Ba wanda ya yi daidai a cikinsu, ba kuma wanda zan iya zagi. Samari ne a lokacin, ga ruwa na tahowa.

Ta ce, "Ba dogon zance Sale zai yi ba, ba ya yi. In ya ɗebo ruwa ya ba shi, an gama. In bai ba shi ba, ku kamo hanya."

Waken ya zube daga hannuna. Duk tafiyar nan ashe ruwa za mu sha, ni kuma ina ɗauke da abin hana shi.

Alhamis, bayan Isha

Yaya Fahad a waya: ki sa shi a mota ki dawo da shi, ke ce mai hankali. Na ce ka zo ka sa shi. Ya ce yana amfani da fitilar dai ko? Na ce yana yi. Ya ce to Alhamdulillahi, kamar magana ta ƙare. Shi yana can yana ganin ya aiko mana da lafiya a kwali. Na kashe wayar ina jin haushinsa, daga baya na ji tausayinsa. Shi ma abin da ya iya ke nan.

Talata, da hantsi, wajen Burumburum

Mun shigo ƙasar Tudun Wada da daɗewa, ban samu na yi rubutu ba. Tafiyar ta ragu, yanzu Baba na zama a duk gindin bishiya ta uku. Na koyi raba caji: ba nuna wa kowa, ba kunnawa sai gora ta cika, in an sami shago a titi in ratse.

Wata Bafulatana ta sauke ƙwarya a gabanmu, ta dama fura ta ce tsoho ya sha sadaka. Baba ya dube ni kamar yaro. Muciya ba ta aiki a nono. Na ce cikinsa ba ya so. Na karɓa na sha a madadinsa don kada ta ji ba daɗi, yana kallona har na suɗe ludayi. Ya ce, "Allah ya isa tsakanina da Fahad." Muka yi dariya mu duka, har da ita da ba ta san zancen ba.

Juma'a, Asuba

Ya yi salla a zaune. Ya ɗauka ban gani ba.

Litinin, bayan La'asar, ƙasar Doguwa

Mun iso. Ƙauyen na bakin daji, gidan Baffa ne na ƙarshe. Mun same shi a soro a kan buzu, dogo, ƙashi da fata, idonsa ya yi fari-fari, amma hancin na Baba ne sak. Kusa da shi tulu ne da moɗa kife a kai.

Baba ya yi sallama. Baffa ya amsa, don sallama ba a ƙin ta. Baba ya durƙusa da ƙyar ya ce, "Yaya, Audu ne."

Can Baffa ya ce, "Na ji muryar."

"Da ƙafa na zo, Yaya."

"An gaya mini."

Shi ke nan. Bai ce mu zauna ba, bai ce mu tafi ba. Baba ya zauna a ƙasa a bakin ƙofa har rana ta yi sanyi. Idona na kan moɗar nan, ba ta motsa ba. Limamin ƙauyen ya ba mu masauki.

Talata, Azahar

Rijiyar burtsatsen garin ta lalace tun bara, kowa rijiya yake sha, da damina kuwa ruwan ja ne. A gidan liman ina ɗiba in bar shi ya kwana ya kwanta, in tsiyaye na sama, in tace, sannan muciya ta yi aikinta. Wannan na iya.

Na shiga gidan Baffa na gaida Bushira, matar ɗansa, ita ke kula da shi. Cikin hira na ce ko in riƙa cika wa Baffa tulunsa, in samu lada. Ta riƙe baki. "Wa? Tulun Baba? Ko ɗansa bai isa ba. Tun rasuwar Iya shi ke jan gugarsa a rijiyar bayan gida kullum da safe, a lallaɓe. Ki taɓa ki ji." Na leƙa rijiyar. Ba murfi, awaki na kwana a bakinta.

Laraba, da hantsi

Baba ya je, ya gaishe shi, ya zauna. Ba ruwa.

Alhamis, da hantsi

Ba ruwa. Da muka juyo na ji sanyi a raina, sai na dubi fuskar Baba na ji kunyar sanyin.

Juma'a, bayan Magariba

Ban san abin da zan roƙa ba. In na ɗaga hannu in ce Allah ka sa ya ba shi, sai in tuna rijiyar. In na ce Allah kada ya ba shi, sai in tuna ƙafafun nan da suka kumbura tun daga Kiru. Yau sai na ce Allah ka san abin da nake nufi, na shafa.

Na ce wa Baba in ya ba ka, ka taɓa a leɓe kawai, ai ba ya gani sosai. Ya ce, "Yana ji. Kuma ni ban yi tafiyar nan don in yaudari Yaya ba." Na ce to ka bar ni in gaya masa. Ya ce, "Kin yi alkawari."

Asabar, bayan Azahar

Wannan zan rubuta.

Mun je kamar kullum. Baba ya gaishe shi ya zauna. Yau bai yi shiru ba, ya fara lissafo sunayen unguwannin garinsu da ruwa ya ci, da wanda ke zaune a kowace, a hankali, kamar mai karatu. Ya zo kan wani gida ya kakare. Sai Baffa ya faɗi sunan, yana kallon bango.

Sannan Baffa ya laluba ya ɗauki moɗa, ya tsoma a tulu. Na ji ƙarar cikarta. Ya miƙo ta saitin inda ya ji numfashina ya ce, "Ke 'yar Audu, miƙa wa ubanki."

Na karɓa da hannu biyu. Ruwan ja, har da ɗan tsinke yana yawo a kai. Muciya na cikin hijabina, cajinta cike, gora mai kyau na cikin jaka a bayana. Ko na tsoma ta ba za ta ratsa wannan ruwan ba, kuma da na taɓa zip ɗin jaka zai ji. Zan iya yin tuntuɓe in zubar. Na yi tunanin haka, wallahi na yi. Baba ya dube ni. Bai roƙe ni ba, bai harare ni ba, ya buɗe hannuwansa kawai.

Na durƙusa na miƙa masa.

Ya yi bisimilla ya shanye, ana jin wucewarsa a maƙogwaro. Baffa ya karkata kai yana saurare har ƙarshe.

"A ƙaro?"

"A ƙaro, Yaya."

Na fita bayan soro na toshe bakina da hijabi. Ina jin su ciki, Baffa na cewa, "Ka tsufa, Audu," Baba na cewa, "Ai kai ka fara."

Lahadi, da yamma

An dawo da kayanmu gidan Baffa. An yanka zakara. Tun safe suna soro, ana ta shigowa kallonsu. Ban taɓa jin Baba ya yi surutu haka ba. Ni ina gefe ina kallon goshinsa. Ya ci abinci. Lafiya lau. Lafiya lau.

Litinin, Asuba

Lafiya lau. Ya ce kansa ne kawai.

Talata, da hantsi

Ya fara tun kafin kiran salla. Ciki, sannan zazzaɓi, yanzu ko zama ba ya iyawa. Waya ba ta kamawa sai a ƙofar soro, can na tsaya na kira Mudassir ya taho da mota, sannan na kira Yaya Fahad. Ya yi ta ihu, fitilar ta lalace ne? Na ce lafiyarta ƙalau. Ya ce to me ya sha? Ban san na ɗaga murya ba. Na faɗi aikin da aka yi, na faɗi abin da likita ya ce, na faɗi rijiyar. Da na juyo, Baffa na zaune a kan buzunsa a bayana.

Ya ce, "Zo nan, 'yata."

Na durƙusa.

"Kin san haka, kika miƙa masa?"

"Na sani, Baffa."

"Shi ma ya sani?"

"Ya sani."

Sannan ya ce, "Ja'iri. Tun yana yaro haka yake." Hawaye na bin gemunsa bai share ba. Ya ce Bushira ta ɗauko masa babbar rigarsa da takalmi.

Talata, bayan La'asar, a hanya

Mudassir ya iso. Mun ce Baffa ya shiga gaba, ya ce a baya zai zauna, a ɗora masa kan Audu a cinya. Haka muke tafe, asibiti da sauran nisa. Baba na buɗe ido jefi-jefi ya ce, "Yaya?" shi kuma ya ce, "Ina nan."

Ban san abin da zan gaya wa Yaya Fahad ba in ya iso. Ban san ko zan yafe wa kaina ba. Amma da za a sake miƙo mini moɗar nan, zan sake durƙusawa in ba shi.